Korona Ba Ta Jin Kafso: Nasiha Ga Iyalan Tambuwal Da Kebbe

Bayan da aka tabbatar da ɓullar korona a Jihar Sakkwato cikin watan Afrilun 2020, a wancan lokacin da wuya gari ya waye wani bai tsaya a tagar ɗakin magani na asibitinmu ba, yana neman kafso ko kulorokwin don ko-ta-kwana. Nakan hana, kuma ga dalilina.

Korona ƙwayar bairos ce da aka fara gani a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disamban 2019, aka tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020. Tana shiga hanci da baki ta tsartuwar yawun mai tari, atishawa ko magana, har ta sauka huhu. Kafso irin su amoxicillin bakteriya suke kashewa, ba su taɓa bairos. Kulorokwin kuwa, a watan Maris na 2020 sai da aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha fiye da ƙima, domin yawansa kan rikita bugun zuciya.

Abin da zai amfane ka shi ne sanin alamunta: zazzaɓi, busasshen tari, kasala, da gushewar jin ƙamshi. Sukan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 14, kuma mutum na iya yaɗa ta tun bai kwanta ba. Da yake zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa a yankinmu, a gwada jini kafin a sha komai. Mafi yawan masu korona suna warkewa da hutu, shan ruwa da farasitamol. Amma idan numfashi ya sarƙe, ƙirji ya yi nauyi, ko hankali ya rikice, kada a jira safiya, a garzaya asibiti.

Waɗanda ta fi yi wa illa su ne dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini. Kada su ajiye magungunansu na kullum. Mai tari ya keɓe a ɗaki mai shan iska, da kwanonsa da butarsa daban. In ka dawo daga kasuwa, ka wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ka je gaida mahaifiyarka.

Kuɗin da ka ware wa kafso, sayi sabulu da su, ka rage na mota saboda ranar gaggawa. Allah Ya kare mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi.