Teɓa Ba Shaidar Arziki Ba Ce

Sanin kowa ne ɗan Arewa kan sauka Ikko ko Badun jikinsa a murɗe, ya yi dako a kasuwar Mile 12, ko ya yi ga-ruwa a Sabo. In Allah ya buɗa masa ya zama dillali, sai ya share wuni bisa benci, shayi da burodi da safe, lemon kwalba da rana, masallaci ma sai a kan babur. Da teɓa ta fito, sai 'yan'uwa su ce Alhaji ya sami duniya. Alhali kuwa sau da yawa ciwon sukari ne ke sallama.

Dalili shi ne, abinci irin su tuwo da shinkafa da doya yakan zama sukari a cikin jini, tsokar jiki kuwa ita ce babban rumbun da ke kwashe mafi yawansa, bisa umurnin wani sinadari da ake kira insulin. Idan ƙiba ta yi yawa, kitse yakan taru har cikin tsoka, sai ta daina jin wannan umurni. Daga nan sukari ya yi ta yawo a jini, yana ɓata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Amma tsokar da ke aiki takan janye sukari ko da insulin bai umurce ta ba, kuma amfanin yakan kai kwana ɗaya ko biyu. Wani bincike da aka bayyana a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke gab da kamuwa, da suka rage ƙiba suka riƙa motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 ta ce a yi a mako, watau tafiyar sauri ta rabin sa'a, kwana biyar.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da limaman Agege da Shagamu su faɗakar da jama'arsu cewa tafiya a ƙasa ba zubar da girma ba ce. Mai teɓa ya je asibiti a auna jininsa. Wanda ya riga ya kamu kuma kada ya bar magani, ya haɗa da tafiya bisa shawarar likita. Maigidan da aka yanke wa ƙafa a baƙon gari, wa zai ci da iyalin da ya baro gida?

Allah ya sa a gane.