Dara ta koma cikin kwamfuta

Duk wanda ya taɓa ratsa Madarunfa da la'asar, ko ya tsaya a Ɗan Isa yana jiran motar Jibiya, ya san yadda zaman dara yake. Gurabe 30 ne a cikin rairayi, layi 5 kowane da gurbi 6. Wannan yana riƙe da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12. Sai an gama zuba ƴaƴa kaf sa'an nan a fara tafiya, kuma wanda ya jera uku shi ke ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Zabarmawa suna kiranta dili. Babban sharaɗinta shi ne jira: in ka yi tafiyarka, to, sai ka naɗe hannu har wancan ya yi tasa.

Wannan sharaɗi na jira shi ne ginshiƙin wani irin wasan kwamfuta da na wayar hannu wanda ake kira wasan dabarun yaƙi na bi da bi. Bai kai ludo da wasan ƙwallo karɓuwa wajen samari ba, amma ya kamata iyaye su san shi, domin wanda ya kama ba ya sakinsa da sauƙi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a cikinsu shi ne Heroes of Might and Magic, wanda ya fito a Amurka a 1995, kashi na uku kuma a 1999. Ana ba mai wasa birni guda da jarumi guda a cikin wata ƙasa ta tatsuniya, mai dodanni da matsafa da dawaki masu ƙaho. Kowace rana ta cikin wasan jarumin yana da iyakar tafiyar da zai yi. Akwai dukiya iri 7 da ake tarawa, cikinsu har da zinariya da itace da ƙibiritu, kuma sabbin mayaƙa ba sa fitowa sai farkon mako. Ke nan dole mutum ya yi lissafi: ya gina kasuwa yau don ribar gobe, ko ya sayi dakaru kafin maƙwabci ya auko masa? Ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa yana tunanin ko ya saki wakensa da kaka, ko ya ɓoye shi a sito sai bazara, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Ma'aikacin da ke jan albashi guda zuwa ƙarshen wata shi ma haka.

Daɗinsa ke nan. Ba ya son saurin yatsa, sai natsuwa, don haka dattijo yana iya ka da saurayi kamar yadda ake yi a dara. Mutum 8 suna iya karawa a kan kwamfuta guda, kowa ya zauna a kujera in layinsa ya zo. Ana kuma iya ajiye wasan inda aka tsaya a dawo masa gobe, abin da ke da amfani a ƙasar da ta ga yadda Najeriya ta yanke mata wutar lantarki daga watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024. Akwai ma wani, Battle for Wesnoth, da aka fara a 2003, wanda kyauta ne, akwai shi da Faransanci, tsohuwar kwamfutar biro tana ɗaukarsa, kuma ana yinsa ba tare da intanet ba. A cikinsa wasu mayaƙa sun fi ƙarfi da rana, wasu da dare, wanda ya fake a daji ko kan dutse kuwa ya fi wuyar sara.

To, sai dai inda dara take ƙarewa kafin kiran magariba, waɗannan wasanni taswira guda tana iya cin dare da yawa. Kuma an gina su ne yadda kowace tafiya za ta bar wani abu a rataye: gobe ginin zai kammala, jibi dakaru za su iso. Mai wasa ya ce bari ya ƙara guda ya kwanta, kafin ya ankara ladan ya yi kiran assalatu. Wanda zai buɗe kanti da safe, ko ya shiga aji ya koyar, nan ne dara take cin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su.

Abin haushin shi ne, yawancin wannan lokaci ba a kan dabara yake tafiya ba. Sau da yawa tun tsakiyar wasa an san wanda zai ci, domin mai birni uku ya fi mai guda samun zinariya, zinariya ta sayo masa dakaru, dakaru su ƙwato masa na huɗu. Sauran sa'o'in duk farautar ragowar abokin gaba ne lungu lungu. A dara, in mutum ya ga ba mafita, sai ya share gurabe da tafin hannu, ƴan kallo su yi masa dariya, a sake zubi. Kwamfuta ba ta san wannan kunya ba, ba ta kuma iya ba'a. A Wesnoth kuwa sa'a tana shiga tsakani: mayaƙin da aka ce sau 7 cikin 10 zai sami abokin gabansa yana iya kuskure sau uku a jere, shirin rabin dare ya rushe.

Na wayar hannu su ne suka fi bukatar sa ido. Dofus na Faransa, wanda ya fito a 2004, sai da intanet, wato kuɗin haɗi kullum. Fire Emblem Heroes na kamfanin Nintendo, na 2017, ana sauke shi kyauta, amma jarumai na ƙwarai ana ciro su ne kamar ƙuri'a, mutum ya biya bai san abin da zai fito masa ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca, har kamfanin ya janye wasan daga can a 2019. Uban da ya ga kuɗin wayarsa suna narkewa a hannun yaro, ya fara duba nan.

Saura maganar tatsuniyar kanta. Dodannin na Turawa ne, birane da sulken ma nasu ne, harshen kuwa Ingilishi ko Faransanci. Yaron da ya tashi a bakin tafkin Madarunfa, inda ake ziyarar ƙaburburan waliyyai 99, yana iya lissafa matsafan wata ƙasar da ba ta taɓa wanzuwa ba, bai san yadda Katsinawan da jihadin 1804 ya raba da birninsu suka kafa sarauta a Maraɗi ba. Alhali duk kayan wasan suna nan: Ɗan Kasawa da neman mazauni, Ɗan Baskore da hare-harensa zuwa ƙasar Katsina, ƙawancen Gobirawan Tibiri, barade da ƴan lifidi da ƴan baka, ganuwa, da gulbin da ke cika da damina ya tsai da dawaki. Masu Wesnoth sun bar ƙofa a buɗe ga kowa ya zana taswirarsa, ya rubuta labarin yaƙinsa, ya fassara wasan zuwa harshensa, ba tare da biyan ko dala ba. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke Maraɗi, masu hannu a kwamfuta, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba ce tsakaninsu da tsofaffin da suka riƙe waɗannan labarai a Madarunfa.