Binnen Iri Da Binnen Ɗan'uwa



Kowace shekara Ista takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato cikin bazara. A lokacin nan ƙasar Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa ta bushe ƙayau, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ana ta kai taki gona. Ba da jimawa ba waɗansunmu za su fara binne, su zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Baƙo ya gani sai ya ce wauta ce, mai 'ya'ya da yunwa ya turbuɗe hatsi mai kyau cikin rairayi. Amma manomi ya san abin da yake yi. Ku lura, kalmar da muke kiran wannan shuka da ita, ita ce kuma muke faɗi ran da muka kai ɗan'uwa kabari.

Ba mu muka ƙago misalin nan ba. Cikin Yohanna sura 12 Ubangiji ya kwatanta mutuwarsa da ƙwayar alkama wadda sai ta shiga ƙasa kafin ta yi 'ya'ya. Manzo Bulus kuma, cikin 1 Korantiyawa sura 15, da iri ya amsa wa masu tambayar irin jikin da matattu za su tashi da shi. Wanda bai taɓa ganin gona ba, in ka nuna masa ƙwayar gero, ba zai iya zana kara da zangarniya ba. Haka jikin tashi yake. Mutumin nan ne dai, ba wani ba, amma da darajar da idonmu bai saba gani ba.

Sai dai misali yana da iyaka, kada mu ja shi ya tsinke. Iri ba ya mutuwa da gaske, barci yake yi. Binne kuwa yakan ci amanar mai shi. Yayyafi kaɗan ya sa ya tsiro, rana ta ƙone shi, ko zabi su tone. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun sani. A Maradi, a 1983, wani ma'aikacin SIM mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da saiwa mai rai a ƙasa. Manoma suka fara barin 'yan tohon suna gyara su, itatuwa suka komo gonakin Nijar. Aiki ne mai kyau, muna so kowace ƙungiya ta gwada shi. Amma kututturen nan bai mutu ba tun farko. Yesu kuwa ya mutu sarai. Soja ya soke shi da mashi a kwiɓi, Yusufu mutumin Arimatiya ya sa shi a kabari a ranar. Tashinsa ba juyawar damina ba ce, ikon Allah ne. Bulus ya kira shi nunan fari. Mu nan tumu muka sani. In ka gasa tumun farko ka ci, ka tabbata sauran gonar tana tafe.

To, idan abin da muka gaskata ke nan, me ya sa jana'izarmu take cinye irin shuka?

Kakanninmu a kan zaman makoki sukan ƙarar da dawa wajen dafa giya. Mun bar giya, mun gode Allah, amma mun sa wani abu a gurbinta. Yanzu sai a ajiye gawa a asibiti kwana da kwanaki ana biya, a ɗinka anko, a yi hayar rumfa da kujeru, a dafa shinkafa, a sayi lemo. Kuɗin daga ina? A kwashe ɗan abin da ya saura a rumbu a kai Dawanau, a sayar da bunsurun da aka ajiye domin taki, in bai isa ba a jinginar da gona. A ƙasarmu kuwa, inda gona take manne da gona, ba daji ba saura, gonar da ta shiga jingina da wuya take komowa. Baƙi su watse, ruwan farko ya sauka, gwauruwa ta duba tukunyar iri ta tarar wayam. Maƙwabtanmu Musulmi sukan rufe nasu a ranar, ba tare da wata hidima ba. Mu da muke wa'azin tashin matattu bai kamata mu fi kowa nuna kamar a kabari aka yi sallama ta ƙarshe ba.

Wani zai ce, ashe ba za mu girmama mamaci ba? Baƙin da suka zo daga nesa za su koma da yunwa? A'a. Ba mu hana kuka ba, Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru ko da yake ya san zai tashe shi. Ba mu kuma hana ciyar da baƙi ba. Tuwo da kunun da zumuntar mata suke kawowa sun isa, dā ma da su aka saba. Abin da muke ƙi shi ne gasa, a ce jana'izar gidan wane ta fi ta gidan wane.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku gani. Da Bulus ya gama maganar tashin matattu a sura 15, abin da ya bi baya a sura 16 shi ne tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, kowa ya riƙa ajiye kaɗan ran farko ta mako. Ubangiji ma yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, domin kada ta rasa gidan zama.

Shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce, a rubuta cikin doka cewa ba a buɗe rumbun iri na ƙungiya domin jana'iza, ko ta shugaba ce. A yi wani ɗan asusu dabam, kowa ya zuba mudu ɗaya ko biyu da kaka, shi za a taɓa in an yi rashi. Idan memba ya rasu, sunan matarsa ya hau gurbinsa a littafi, rabonsa na taki da iri ya zama nata. A yi mata gayya wajen shuka da noman firi da maimai, aƙalla damina biyu. In kuwa 'yan'uwan miji suka tashi za su karɓe gonar marayu, sai dattawan ekklesiya da shugaban ƙungiya su tafi tare su zauna da su, kada a bar mace ita kaɗai ta yi wannan magana.

Muna roƙon kowane magatakarda ya sa batun nan cikin taron da za a yi kafin ruwa ya sauka, ya zo kuma da sunayen gwauraye da marayun ƙauyensa da yawan gonakinsu, domin a raba ranakun gayya tun yanzu.