Ciwon Da Ba Ya Cikin Lissafi

Duk lokacin da aka yi ta'asa a kudancin Jihar Kaduna, abu uku hukuma kan ƙirga: gawawwaki, gidajen da aka ƙone, da buhunan hatsin agaji. Haka aka yi bayan rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da tarzomar zaɓen 2011 wadda ta ci Zonkwa da Kafanchan. Mu kuwa muna cewa lissafin nan bai cika ba, domin an manta da waɗanda suka tsira da rai amma hankalinsu bai sake kwanciya ba.

Hausawa kan ce, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Manomin Fadan Kaje da aka sace, dangi suka sayar da gona suka fanso shi, yana iya dawowa ba ko ƙwarzane a jikinsa, amma barci ya gagare shi, ƙarar babur da dare ta sa shi rawar jiki. Likitoci sun san wannan ciwo, suna kuma da maganinsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 5 na mazauna wuraren rikici yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Masu cewa ai ƙaddara ce, a yi haƙuri, ba mu musa musu ƙaddara ba. To amma wanda ya karye a ƙafa, haƙuri kaɗai ake ba shi, ko kuwa ana kai shi wurin maɗori? Abin takaici, tsoron kada a kira mutum mahaukaci shi ke sa iyali su ɓoye mara lafiya har ciwon ya ci ƙarfinsa.

A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai doka a takarda ba ta kai talaka asibitin Barnawa da ke Kaduna, tafiyar sa'o'i daga garinsa. Saboda haka muna kira da a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Zangon Kataf da Jama'a su iya gane wannan ciwo, limamai da fastoci su riƙa tura masu shi can, kotu kuma ta hukunta masu laifi. Mutumin da ke ganin wanda ya zalunce shi yana yawo a kasuwar Zonkwa, da wuya magani ya kama shi.