Zinariyar 'Yar Mota: Mu Rubuta Namu da Hannunmu



Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nil, daga Mai Wurno zuwa Sinja, ya san motar gwangwani. Yaro zai fasa gwangwanin mai, ya lanƙwasa waya, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya fitar da 'yar lori. Abin da yake kwaikwayo kuwa shi ne Bedford TJ, wadda Ingila ta fara ƙerawa a 1958, mutanen Sudan suka raɗa mata suna sifinja saboda laushin tafiyarta kamar takalmin soso. Ita ta yi shekaru tana kwaso dawa da riɗi daga gonakin Dali da Mazmum, tana kai ayabar Sinja kasuwannin Sinnar da Madani. Maƙeran ƙasar nan sun sake mata siffa, direbobi suka yi mata kwalliyar amarya da fenti da rubutu mai ƙyalli.

A ganina, wannan rubutu shi ne ke mai da 'yar mota tamu, don haka bai kamata mu bar wa sitikar kasuwa shi ba. Yau yaro zai gama wahalar ƙira, sannan ya liƙa tambarin ƙungiyar ƙwallon Turai a ƙofar motarsa. Jiki na Sinja, fuska ta wani gari. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Masu ƙera ƙananan motoci bisa ma'auni a wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. Idan sun ce ɗaya bisa 24, motar da tsawonta mita 6 ne za ta koma santimita 25, harafin da tsayinsa santimita 24 ne ya koma santimita guda. Irin wannan ƙaramin rubutu yana da wuyar zanawa a jikin mota, shi ya sa suke buga shi a kan wata takarda mai shafen danƙo da siririyar fata a samanta. Idan aka tsoma ta a ruwa danƙon ya narke, fatar ta zame da rubutunta ta kwanta a jikin motar.

Launin zinariya ne ke ba su wahala. Na'urar buga takarda ta yau da kullum tawada huɗu take gaurayawa: shuɗiya, ja, rawaya da baƙa. Babu ƙarfe a cikin ko ɗaya, don haka zinariyarta takan fito kamar ruwan ɗorawa, ba ta ƙyalli. A da kamfanin ALPS na Japan yana da na'ura mai zirin tawadar ƙarfe, amma ya daina ƙera ta tuntuni. Dabarar da ta yaɗu yanzu ita ce a buga rubutun da baƙi a na'urar leza, a ɗora fallen ƙyalli mai ruwan gwal a kai, a rufe da farar takarda, a bi da zafi ko da na dutsen guga ne. Garin tawadar leza yana yin laushi da zafi, sai ya kama ƙyallin a daidai inda harafi yake. In ya huce a ɓare, a shafa man fenti marar launi don kada ya kankare.

Wanda ya yi makarantar allo zai ga cewa asalin wannan aiki yana gidanmu. Danƙon da ake bukata, ƙaro yana yin aikinsa, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro. Da shi malamai ke haɗa tawada. Da shi masu ƙawata littattafai tun zamanin da suke kwaɓa garin zinariya su yi rubutu. Hannun da ya iya zayyanar allon sauka ba zai kasa ƙofar 'yar lori ba. Inda babu lantarki, a shafa wa takarda ƙaro ta bushe, a bi ta da man fenti marar launi, a rubuta a kai da garin tagulla da aka kwaɓa, a sake rufewa da man, sannan a jiƙa.

Sai dai akwai iyaka guda da nake roƙon iyaye da malamai su tsare. Manyan motoci suna ɗauke da sunan Allah da ayoyi a goshinsu, can sama. Motar yaro kuwa a ƙasa ake jan ta, cikin turɓaya da kwata, in ta lalace a jefar a juji. Kada son kamanceceniya ya sa a sauko da aya zuwa can. A rubuta sunan gari, ko hanyar da mota ke bi, kamar Sinja zuwa Damazin, ko karin magana irin "Sannu ba ta hana zuwa". Zinariyar ma a taƙaita ta ga haruffa da bakin layi, domin idan ta mamaye ko'ina rubutu ba ya karantuwa.

Wani zai ce wannan zancen ƙoshi ne, alhali yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Sinja a ƙarshen Yunin 2024, gari ya watse, sai a Nuwamba sojoji suka karɓe shi. Na yarda abinci da magani ne a gaba. Amma yaran da suka ga wannan tashin hankali suna wasa ko mun so ko ba mu so ba, kuma abin da ido ya gani hannu ke ƙerawa. In ba mu ba su sifinja mai buhunan dawa ba, motar da aka girke wa bindiga za su ƙera. Yaron da ya koyi awo da tsara harafi kuma ya kama bakin sana'ar rubuta allunan shaguna da fentin motoci.

Don haka ina kira ga masu unguwanni su nemi tsofaffin direbobi da masu zayyana su zauna da yara, ko sau ɗaya a mako, kafin sifinja ta ƙare a hanya a rasa wanda ya tuna abin da ke rubuce a ƙofarta.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya raya mana zuriya.