Sannu Kaɗai Ba Ta Tayar Da Wanda Ya Faɗi

Da wuya a sami al'ummar da ta kai Hausawa iya gaida maras lafiya. Muna da "sannu", muna da "yaya jiki", muna da "Allah ya sawwaƙe" da "Allah ya sa kaffara ne", kuma duk wanda ya kwanta ciwo zai ga jama'a suna tururuwa a kansa ɗauke da lemo da ayaba. Wannan al'ada ce mai kyau, ba kuma ita nake suka ba. Abin da nake suka shi ne yadda muka ɗauki wannan gaisuwa a matsayin iyakar abin da ya hau kanmu, alhali kuwa an gina ta ne domin ciwon da ke zuwa ya wuce, kamar zazzaɓi ko ƙuna ko jego. Akwai wani rukuni na mutane a cikinmu waɗanda ciwonsu ba ya wucewa, wato masu amosanin jini da masu sanyin ƙashi da masu ciwon baya na shekara da shekaru. Idan ɗayansu ya faɗi a banɗaki ko a kan matakala, mukan zo mu yi masa sannu na kwana uku, mu watse, mu bar shi da ciwon da, da sabon rauni, da kuma tsoron sake faɗuwa. Ra'ayina shi ne babu mai iya fitar da shi daga wannan hali kamar wanda ya taɓa shiga irinsa, kuma mu masu lafiya mu ne muka tare hanyar haɗuwarsu.

Kafin a ce na ɗauki ƙaramin abu na kambama, bari a duba girman al'amarin. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi irin tamu. A cikin haɗurran da ke kashe mutane ba da gangan ba, haɗarin hanya ne kawai ya fi faɗuwa kisa. Ban da waɗanda suka mutu, akwai faɗuwa fiye da miliyan 37 a shekara da ke kai mutum ga likita. Su kuma likitoci suna kiran ciwo "mai naci" idan ya wuce wata uku yana cin mutum. A ƙasar nan ba sai an je da nisa neman misalinsa ba, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu amosanin jini, wanda ake kira sikila. Rahoton hukumar nan na 2006 ya ce ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta a jininsa. Wasu daga cikin jariran nan su ne a yau suke zaune a azuzuwanmu.

Yadda wannan cuta ke kayar da mutum sananne ne. Ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, idan kuwa jini ya daina isa kan ƙashin cinya, inda yake shiga kwatangwalo, sai wurin ya mutu ya fara burmawa. Daga nan saurayi ɗan shekara ashirin zai soma ɗingishi irin na tsofaffi. Ga ƙarancin jini mai kawo jiri, ga magungunan kashe zafi irin su tiramadol masu sa gyangyaɗi da layi. A haɗa wannan da banɗakin ɗakin kwanan ɗalibai wanda gansakuka ta lulluɓe, da masai na tsuguno, da matakalar da ba ta da abin kamawa, da daren da babu wuta. Wanda bai faɗi ba a cikin wannan hali, Allah ne ya kiyaye shi.

Sai dai faɗuwar farko ba ita ce babbar masifar ba. Wanda ya faɗi sau ɗaya tsoro yakan kama shi, ya rage tafiya, ya daina zuwa masallaci da kasuwa da aji, ya laɓe a ɗaki. Zaman nan kuwa shi ke sa naman cinya da na sharaɓa su saki, gaɓoɓi su sandare, ciwon ya ƙaru. Ranar da larura ta tilasta masa tashi, ƙafar da ta fi da rauni ita zai taka, sai ya sake faɗuwa. Masana gashin ƙashi sun daɗe da sanin wannan zagaye, kuma maganinsa shi ne a koma motsi da wuri, a hankali, bisa shawarar masani. Mu kuwa me muke ce masa? Cewa muke, "Kwanta ka huta, kada ka motsa." Da kyakkyawar niyya muke faɗa, amma rami muke ƙara zurfafa masa.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa masu wannan lalura ba sa haɗuwa su koya wa juna? Dalili na farko shi ne yadda muka karkatar da ma'anar haƙuri. A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, Kirk-Greene ya jera haƙuri da kunya cikin halayen da ake auna mutum da su, kuma ya yi daidai. Amma mun wayi gari haƙuri ya zama sandar rufe bakin mai ciwo. Da ya buɗe baki zai ce ga inda ke yi masa zafi, sai a ce, "Yi haƙuri, haka Allah ya so," ma'ana dai ya yi shiru ya bar mu mu huta. Namiji idan ya yi nishi an ce rago ne, mace idan ta yi ƙorafi an ce raki gare ta. Mun taso muna yaba wa ɗan damben da ya sha bugu bai nuna ba, da macen da ta haihu ba a ji ihunta ba, sai muka ɗauki ma'aunin jarumtar yini ɗaya muka ɗora wa wanda zai yi shekara talatin da ciwo. Addini bai ce haka ba. Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa a kan cutar da ta same shi, kuma malamai sun tabbatar mana neman magani ba ya rushe tawakkali. Haƙuri na gaskiya shi ne mutum ya daure ya tashi ya yi taku goma yau, gobe ya yi goma sha biyu, ko da yana cije leɓe. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Dalili na biyu shi ne ɓoyo. Gida nawa ne ake ɓoye cewa 'yarsu sikila ce don kada ta rasa miji? Yarinya za ta faɗi a makaranta, a je a ɗauko ta cikin dare, a ce wa maƙwabta shawara ce ta kama ta. An hana ta riƙe sanda don kada a gani, an hana ta zuwa inda 'yan uwanta masu irin ciwon suke taruwa don kada a gane. Ta haka iyaye suka sayi rufin asiri da ƙashin 'yarsu. Ranar wanka kuwa ba a ɓoye cibi, domin mijin da aka yaudara zai gane a watan farko, kuma a lokacin ba ta da miji mai tausayi, ba ta da ƙawar da ta san ciwon.

Wani zai ce, to, ai wannan aikin likita ne, me maras lafiya zai koya wa maras lafiya? Wanda ya taɓa bin layi a asibitin gwamnati ya san minti nawa likita ke da shi a kan kowane mutum. Zai duba hoton ƙashi, ya rubuta magani, ya ce a dawo bayan wata guda. Ba shi da lokacin da zai nuna maka cewa sanda a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, wato idan ƙugun dama ke ciwo a riƙe ta da hagu. Ba zai bi ka matakala ya ce lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwon kuma ita ke fara sauka ba. Ba zai kwanta a ƙasa ya gwada maka yadda ake tashi bayan faɗuwa ba: a nutsu tukuna a ji ko wani wuri ya karye, a mirgina gefe, a durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi, a rarrafa zuwa kujera ko gado mai ƙarfi, a kafa lafiyayyar ƙafa, sannan a miƙe a zauna. Wanda ya yi shekara goma da ciwon ya san duk wannan, ya san kafintan da ke ƙera kujerar ba-haya da araha, ya san yadda ake alwala a zaune a kan turmi ko benci, ya kuma san cewa yin salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa rangwame ne na shari'a wanda babu abin kunya a cikinsa. Mafi girma duka, idan ya ce maka "na san yadda kake ji", ba ƙarya yake yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma a ce wannan tunanin malamin adabi ne da bai san asibiti ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 wata malamar jinya mai suna Kate Lorig ta fara wani shiri a Jami'ar Stanford ta Amurka domin masu ciwon gaɓoɓi, daga baya aka faɗaɗa shi ga sauran cututtuka masu naci. Mako shida ake yi, awa biyu da rabi kowane mako, masu jagorantar zaman kuwa mutane ne gama-gari da aka horar, galibi su ma masu ciwon ne. Shirin bai warkar da kowa ba, ba a kuma yi da'awar haka ba, amma an ga yana ƙara wa mutane ƙarfin gwiwar sarrafa rayuwarsu, har ƙasashe da dama suka ara. A nan gida ma Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafa kulob-kulob na masu sikila da iyayensu, sannan aka kafa gidauniyar sikila ta ƙasa a 1994, wadda cibiyarta ke Idi-Araba a Legas, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama.

Hasali ma ba mu da buƙatar aro daga kowa. Bahaushe ne ya naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, wato tun tuni ya gane cewa masu lalura ɗaya sun fi kowa sanin sirrin juna, kuma suna da haƙƙin shugabanci da murya. Shi ne mai gayya, shi ne mai adashi, shi ne ya ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da ya rage shi ne mu raba wannan hikima da bara, mu kuma shigar da waɗanda lalurarsu ba ta fito fili ba. Mun ce zumunta a ƙafa take. To, wanda ƙafar ce ta gaza masa fa, mun yanke zumunta da shi ke nan?

Akwai masu tsoron kada irin wannan taro ya zama dandalin musayar ƙwayoyi da tallan maganin gargajiya. Tsoron yana da tushe, musamman a ƙasar da sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda matasa suka afka masa. Amma a ina ne aka fi musayar ƙwayoyin? A ɓoye ake yi, tsakanin mutum da mai kemis, inda babu mai ce masa yawan shan diklofenak na ɓata ciki da ƙoda. Ƙungiya mai tsari tana da dokoki: ba a ba wani maganin wani, ba a canza abin da likita ya rubuta, kuma ana gayyatar ma'aikacin lafiya lokaci-lokaci. A can ne ma mutum zai koyi cewa wanda ya bugu a ka yana amai ko magagi, ko wanda ya kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, asibiti za a kai shi nan take, kafin a yi zancen mai ɗori.

Saboda haka kirana na farko ga ɗalibanmu ne masu wannan lalura. Kada ku jira wani ya tara ku. Mutum biyar sun isa. Ku sami aji ɗaya a ƙasan bene, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, maza da nasu, mata da nasu idan hakan ya fi muku sauƙi. Kowa ya faɗi abin da ya yi niyyar yi a makon, ko da zagaya ɗakin kwana ne sau biyu, mako mai zuwa a tambaye shi. Ku karɓi lambar juna, domin wanda ya faɗi cikin dare ya san wanda zai kira. Wanda ya kwanta, ku je masa da abin da ya wuce sannu, ku kama hannunsa ku yi takun farko tare.

Kira na biyu ga ƙungiyoyin ɗaliban Hausa ne da mu malamansu. Kowace shekara muna kashe kuɗi a Makon Hausa, a yi kalankuwa, a naɗa sarki da waziri, a hau doki. Cikin kuɗin nan ba a rasa na ƙarfen kamawa guda huɗu da za a kafa a banɗaki ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Wanda ke tafiya shi kaɗai da sandarsa ba wanda zai saurare shi a ofis, amma mutum ashirin da takarda ɗaya a hannu dole a ba su kujera. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar sikila ta duniya, ga dama nan ta fara magana da Hausa a kan abin da muka daɗe muna rufewa.

Iyaye kuma, ku bar 'ya'yanku su riƙe sanda, ku bar su su san 'yan uwansu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ba mu ikon yi musu abin da ya fi gaisuwa.