Zinaren Colorado Ya Tafi, Gubarsa Tana Nan

A cikin duwatsun San Juan, kudu maso yammacin jihar Colorado ta Amurka, akwai wata hanya mai suna Black Bear. Ɓangarenta mafi hatsari gangara shi kawai ake yi, doka ta hana a hau. Daga ƙololuwar, wajen mita 3,900 sama da teku, direba yana fara saukowa zuwa garin Telluride a giya ta ɗaya, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Akwai kwanar da mota ba ta iya shanta lokaci guda, sai an ja baya an sake gyara sitiyari. A nan ne abokin tafiya yake sauka ya tsaya gaba yana nuni da hannu kamar yaron mota, domin direban ba ya ganin inda tayarsa ta gaba take takawa.

Kuma mutane kuɗi suke biya su sha wannan wahala. Da zarar ƙanƙara ta narke, wajen ƙarshen watan Yuni ko cikin Yuli, sai motoci masu jan ƙafa huɗu su cika garuruwan Ouray da Silverton da Lake City. Mafi yawansu hanyar Alpine Loop suke bi, mai tsawon kimanin kilomita 100, wadda ta ratsa mashigin Engineer da na Cinnamon. Mashigin Imogene kuwa saura kaɗan ya kai mita 4,000. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi, mita 2,419 ne. A tudu irin na Imogene iska ba ta da kauri, injin mota yana rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, mai mota ma yana haki.

Ba don shaƙatawa aka fasa waɗannan hanyoyi ba. Ƙasar ta ƙabilar Ute ce, har zuwa 1873 da aka sa su sa hannu a yarjejeniyar Brunot suka sallama duwatsun ga masu neman azurfa da zinare. Da alfadarai da jakuna aka riƙa sauko da duwatsun ma'adinai, wani ɗan kasuwa mai suna Otto Mears kuma ya gina hanyoyi yana karɓar kuɗi a hannun duk mai wucewa. Garin Animas Forks, wanda ke kan tsayin mita 3,400, ya taɓa samun mazauna wajen 450 da jaridarsa ta kansa. A 1884 dusar ƙanƙara ta yi kwana 23 tana zuba, har sai da mutane suka haƙa ramuka a cikinta don zuwa gidan maƙwabci. Yau kango ne. Baƙo yana ajiye mota ya shiga gidan katako mai hawa biyu, ya leƙa ta taga ya ɗauki hoto.

An samu dukiya, ba ƙarama ba. Thomas Walsh ya gano zinare a mahaƙar Camp Bird a 1896, ya sayar da ita a 1902 kan sama da dala miliyan 5. 'Yarsa Evalyn ce daga baya ta mallaki shahararren lu'ulu'un nan da ake kira Hope.

Masu tallata yawon buɗe ido suna son a tsaya a nan: ma'adinai sun ƙare, amma hanyoyinsu suna ciyar da otal-otal da masu ba da hayar mota. Gaskiya ne, da babu waɗannan baƙi da Silverton ta daɗe da bin sahun Animas Forks, tun da babbar mahaƙarta ta ƙarshe, Sunnyside, ta rufe a 1991. Sai dai wannan rabin lissafi ne. Ranar 5 ga Agusta, 2015, ma'aikatan da hukumar kare muhalli ta Amurka ta tura su duba tsohuwar mahaƙar Gold King suka fasa toshiyarta bisa kuskure. Ruwa lita miliyan 11, ɗauke da dalma da sauran ƙarafa masu guba, ya kwararo cikin kogin Animas ya mayar da shi ruwan ɗorawa. Ya bi ta jihar New Mexico ya shiga ƙasar ƙabilar Navajo, inda aka rufe hanyoyin ban-ruwa ana tsakiyar noma, amfanin gona ya bushe. Mahaƙar da ta jawo wannan tun shekarun 1920 aka daina aiki a cikinta. Waɗanda suka kwashi zinarenta duk sun mutu.

Tushen matsalar doka ce. Dokar haƙar ma'adinai ta 1872, wadda har yau take aiki, ta ba mutum damar ɗibar zinare da azurfa a filin gwamnatin tarayya ba tare da ya biya ta kaso ba, kuma a wancan zamani babu wanda ya tilasta masa ya gyara inda ya ɓata. A 2016 aka sa yankin cikin jerin wuraren da gwamnati za ta jagoranci tsabtace su, wato mai biyan haraji shi ma ya shiga cikin masu ɗaukar nauyi.

Su ma masu motocin ba tsarkaka ba ne. Ciyawar saman tsauni tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo daga sawun taya ɗaya, kuma ƙura da ƙara sun ishi mutanen Silverton har suka kaɗa ƙuri'a a 2021 suka hana ƙananan motocin daji bin titunan garin.

Wanda ya san Jos ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kamfanonin kuza na zamanin Turawa sun tafi sun bar kududdufai birjik. Na Rayfield ya zama wurin shaƙatawa, wasu da dama kuwa mutane da dabbobi suke ci. A Zamfara gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a 2010. Idan Amurka da duk kuɗinta tana fama da ramin da aka rufe shekara 100 da suka wuce, bai kamata hukumomin Najeriya da Nijar su sake ba wani kamfani lasisin haƙa ba sai ya ajiye kuɗin cike rami da tace ruwa a asusun da ba zai iya taɓawa ba, tun kafin ya sauke katafila ɗaya a wurin.